Makokin Wasu, Kasuwar Wasu

'Yan uwana mata, yau da kaina zan fara, don Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Ranar Juma'a 28 ga Nuwamba 2014 aka kai hari babban masallacin Juma'a na Kano, na kusa da gidan Sarki, mutum fiye da 100 suka rasu. A cikinsu har da ɗan maƙwabciyata, saurayi ne da ake maganar aurensa. Ran sadakar uku muna zaune a tsakar gida, an shimfiɗa tabarmi, uwar tana jingine da bango idanunta sun kumbura, sai wata Hajiya da ke kusa da ni ta sunkuyo ta ce, "Ƙanwata, ai yanzu PDP ta gama yawo a Kano, wannan jinin kaɗai ya ishe su faɗuwa." Wallahi ban musa mata ba. Kai na gyaɗa, har wani ɗan sanyi na ji a raina, don ni ma a lokacin na gaji da gwamnatin Jonathan. Da na ɗago sai muka haɗa ido da uwar mamacin. Ba ta ce komai ba, ta dai ja mayafinta ta rufe fuska. Har yau in na tuna wannan kallon sai kunya ta kama ni.

To abin da na yi a kan tabarma, shi manya suke yi a kan kujera, sai dai nasu da lasifika ne.

Ku tuna da 14 ga Afrilu 2014. Da safe bom ya tashi a tashar motar Nyanya, mutum fiye da 70 suka mutu. A daren ranar 'yan Boko Haram suka kwashe 'yan mata 276 daga makarantar Chibok. Washegari shugaban ƙasa yana Kano wajen gangamin jam'iyya ana karɓar Malam Shekarau, ana kiɗa ana takawa. Sai da aka yi kusan mako uku kafin ya fito ya yi wa ƙasa magana a kan yaran. Magoya baya kuwa suka dinga yaɗa cewa wai ba a saci kowa ba, shiri ne na 'yan Arewa don a ɓata wa mutuminsu suna. Haba jama'a! Uwa tana birgima a ƙasa tana kiran sunan 'yarta, wani yana cewa wasan kwaikwayo take? Abin bai tsaya nan ba, a watan Satumba aka wayi gari a Abuja da allunan talla, an ɗauki taken masu neman a dawo da 'yan matan an juya shi ya koma a dawo da Goodluck a 2015. Sai da duniya ta yi caa sannan ya ba da umarni a sauke.

Kada kuma wata ta ce 'yan adawa waliyyai ne. Su ma kowane bom ya tashi, kafin a gama kwashe gawa takardarsu ta isa gidajen jarida. Gwamnan Adamawa na lokacin, Murtala Nyako, har wasiƙa ya rubuta wa gwamnonin Arewa yana zargin gwamnatin tarayya da yi wa Arewa kisan ƙare dangi. Mu kuma a gidajen biki da suna muka ɗauka muka ƙara gishiri, wai jirgin gwamnati ne yake sauke wa 'yan ta'adda makamai a daji. Wa ya gani? Ƙanin mijin wata ne ya ji a majalisa. Shi ke nan ta zama gaskiya, tunda ta yi daidai da abin da zuciyarmu take so.

Akwai abin da har yau yake ci min tuwo a ƙwarya. An sa zaɓe 14 ga Fabrairu 2015, sai aka ɗaga shi mako 6 zuwa 28 ga Maris, wai sojoji za su yi aiki. A cikin makonnin nan, da taimakon sojojin Chadi da Nijar, aka ƙwato garuruwa da dama, Baga da Bama suka dawo, Gwoza kuwa ana gobe zaɓe aka sanar da ƙwato ta. Na yi murna, ba zan ɓoye ba. Amma ina ƙarfin nan yake a watannin da matan Gwoza suke ɓoye mazajensu a ƙarƙashin gado? Ashe da zuciyar, akwatin zaɓe ake jira ya matso.

Sai mulki ya juya. A Disamba 2015 Buhari, Allah ya jiƙansa, ya ce kusan an gama da Boko Haram. An sako 'yan Chibok 21 a 2016, an sako 82 a 2017, muka yi guɗa. Sai ga 19 ga Fabrairu 2018 an kwashe 'yan mata 110 a Dapchi. Nan fa na ga abin mamaki, kamar an yi musayar baki. Waɗanda suka yi ta ihu a kan Chibok suka koma cewa a yi haƙuri, a bar jami'an tsaro su yi aikinsu. Da aka dawo da yawancin yaran a watan Maris, PDP ta fito ta ce shiri ne aka yi don neman ƙuri'a, maganar da aka yi wa iyayen Chibok ita ce aka maimaita wa iyayen Dapchi. Biyar daga cikin yaran nan sun mutu, Leah Sharibu kuma aka riƙe ta don ta ƙi barin addininta. Ni da na cika unguwa da surutu a 2014, a 2018 shiru na yi, don kada a ce ina zagin Baba. Haka na yi da aka kwashe yaran Ƙanƙara a 2020, haka da 'yan matan Jangebe a 2021.

Lissafin ma da suke yi, na cewa hari zai kayar da wane ya ɗora wane, ɗan ta'adda ya fi su iya shi. Ya san in ya taɓa makaranta, rabin ƙasa za su ƙaryata, rabi su yi ta nuna yatsa, shi kuma ya samu kwana biyu ko uku ya yi nisa cikin daji da 'ya'yan mutane. A kwanakin nan na farko ake iya cim ma yaro, mu kuma a cikinsu muke gardamar jam'iyya. A 2024, da aka cika shekara 10, 'yan Chibok fiye da 80 ba su dawo ba, iyaye da dama kuma sun mutu suna jira.

Kuma kada mu raina kanmu mu ce ai mu matan gida ne, ina ruwanmu. Mu ne muke cika layi ran zaɓe tun asuba da goyo a baya. Mu ake kawo wa atamfa da sabulu da taliya. Maganar da aka ƙulla a ofishin jam'iyya, bakinmu ne yake kai ta lungu, daga gidan kitso zuwa wajen markaɗe, yanzu kuma ga waya, kafin ki sauke tukunya kin tura wa mutum hamsin hoton gawar ɗan wata da sunan jam'iyya a ƙasa.

Gab da zaɓen 2023 Hajiyar nan ta gidan makoki ta shigo min da turmin atamfa da hoton ɗan takararta. A lokacin ta sauya jam'iyya sau biyu. Ta fara lissafa min hare-haren da aka yi a mulkin abokan hamayya, tana ƙirgawa da yatsu kamar mai ƙirga kuɗin adashi. Na ce, "Hajiya, makarantar kwana da 'yata take, katangarta ta baya ta zube tun damina, mai gadi ɗaya ne, tsoho, da sanda da tocila. Mutumin naku me ya ce a kai?" Ta yi dariya ta ce, "Ke dai ƙanwata ki dangwala, duk wannan sai bayan zaɓe." Na ninke atamfar na miƙa mata. Ta karɓa, ta shiga gidan maƙwabciyata da ita.