Littafi Nawa Ka Sauke Bana?

Wata al'ada ta shigo wa masu karatun boko. Da an shiga Janairu sai mutum ya yanka wa kansa adadi, littafi 12 ko 52 kafin shekara ta fita, yana gama ɗaya yana shelantawa a Facebook. Ga ƙagaggun labarai wannan ba laifi. Amma ga littattafan tarihi da nazarin al'umma, ƙidaya ma'auni ne mai cutar mai shi, domin wanda lissafi ke kora zai kauce wa littafi mai kauri, ya fake a 'yan littattafan nan na koyar da sirrin arziki, waɗanda ake cinyewa tsakanin la'asar da magariba.

A ɗauki ɗan Jibiya mai son gane iyakar da ke ƙofar gidansa. Ya ga tireloli sun yi layi a Magama suna jiran hanyar Ɗan Isa. Ya ga an rufe boda a Agustan 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022, aka sake datse ta bayan juyin mulkin Nijar na 2023. In ya buɗe The Transformation of Katsina na Yusufu Bala Usman, wanda ya fito a 1981, zai tarar Maraɗi daga jikin Katsina aka yanko ta: gidan sarautar da jihadi ya tumɓuke a 1807 shi ya yi arewa ya kafa ta, shi ya sa har yau sarkinta ke amsa sunan Sarkin Katsina. Bala kuwa bai yarda a taƙaita wannan tarihi a ce faɗan Fulani da Haɓe ba ne. Sai Emmanuel Grégoire, a Les Alhazai de Maradi na 1986, ya tsaya ta wancan ɓangaren ya nuna yadda attajiran garin suka tashi a kan gyaɗa, sannan a kan fiton kaya zuwa Nijeriya da canjin naira da sefa. A wurin waɗannan alhazai iyakar jari ce. William Miles kuma, a Hausaland Divided na 1994, ya zauna a ƙauyuka biyu maƙwabta, Yardaje a ƙasar Daura da Yekuwa a Nijar, ya iske mulkin Ingila da na Faransa sun bar tabo daban-daban, musamman a ƙarfin sarakuna. Ɗaya na nuna ƙasa guda ce, ɗaya na nuna an raba ta da gaske, ɗaya na nuna wa ke cin rabuwar. Dole mai karatu ya koma babin da ya wuce ya gwama. Komawar nan ita ce karatun, ga shi ba ta shiga lissafi.

Za a ce adadi na zaburar da malalaci, kuma gaskiya ne, gara mai ƙirga da wanda bai buɗe ba. Sai dai abin da ya tayar da mutum ba lalle shi zai kai shi ba. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce littattafan nan uku da Turanci da Faransanci suke, ga tsada, ga wuyar samu, na Hausa kuwa irin su Labarun Hausawa da Maƙwabtansu da Tafiya Mabuɗin Ilmi na Abubakar Imam ba su da yawa a kasuwa. To, ai ƙarancin ma ƙidayar yake rusawa. Wanda littafi biyar kaɗai hannunsa zai kai gare su a shekara, me zai yi da burin hamsin?

Zaure ya daɗe da nasa ma'aunin. Ɗalibin Ahalari ko Ishmawi ko Risala yana biyawa layi-layi, malam na fassarawa, ba a wuce masa ba sai ya riƙe, kuma tambayar da ake yi masa ita ce ina ya tsaya. Ɗan Jibiyan da zai bi wannan hanya sai ya ɗauki babin Grégoire na fito, ya kai wa wani dattijon ɗan kasuwa da ya yi safarar Maraɗi a zamanin, ya ji inda zai gaskata Bafaranshen da inda zai ƙaryata shi.