Inuwar Giginya: Sharhi kan littafin Purple Hibiscus

Littafin Purple Hibiscus na Chimamanda Ngozi Adichie ba baƙo ba ne a gidajenmu. Tun lokacin da hukumar WAEC ta sa shi cikin littattafan adabin da ake jarrabawa a kansu, yaranmu da ke makarantun garin nan suka yi ta shigowa da shi a jaka, har gobe kuma ana samunsa wurin masu shimfiɗa littattafai a bakin titi. Sai dai mu iyaye yawancinmu bangonsa kawai muka sani. Ya kamata mu leƙa ciki, don labari ne kan ciwon da ke kama mai riƙo da addini har ya ga babu mai tsarki sai shi. Marubuciyar ta bi wannan ciwo ta cikin gidan wasu Kiristoci 'yan Katolika, irin maƙwabtan da muke kwana muna tashi da su.

An haifi Adichie a Enugu a 1977, ta tashi a Nsukka. Wannan shi ne littafin ƙagaggen labarinta na farko, ya fito a 2003, a 2005 kuma ya ci kyautar ƙasashen renon Ingila ta littafin farko mafi kyau. Sunan na wani fure ne ɗan uwan yakuwa da rama. An fi saninsa ja, sai ga wani iri mai launin shunayya a lambun gwaggon yaran a Nsukka.

Mai ba da labarin yarinya ce 'yar shekara 15, Kambili. Ubanta Eugene Achike attajiri ne a Enugu, mai masana'antun biskit da lemon kwalba, mai kuma jaridar da ke faɗa wa gwamnatin soja gaskiya lokacin da kowa ya kama bakinsa. A garinsu Abba an ba shi sarautar Omelora, wato mai yi wa jama'a hidima. Fada Benedict, Baturen da ke limancin cocinsu, in ya hau wa'azi da shi yake kafa misali. To amma da zarar an rufe ƙofar gida, wannan mutum da ake yabo shi ne ke dukan matarsa Beatrice har ciki ya zube, shi ne ya nakasa ɗan yatsan ɗansa Jaja don ya kasa amsa tambaya biyu a jarrabawar darasin addini. Hausawa sun riga sun yi wa irinsa suna: inuwar giginya, na nesa ka sha.

Ƙarfin littafin yana nan ne: Adichie ta ƙi mayar da Eugene munafuki. Da munafuki ne da labarin ya yi arha, mu karanta mu ce Allah ya tsine, mu rufe. Mutumin nan da gaske yake. Jaridarsa ta jawo masa asara, har aka kashe editansa Ade Coker da bam a cikin ƙunshin wasiƙa, abin da zai tuna wa manyanmu kisan Dele Giwa na mujallar Newswatch a Legas ranar 19 ga Oktoba, 1986. Bayan mutuwarsa ma aka gano yana ba asibitocin yara da gidajen marayu kuɗi a ɓoye, ba sunansa. Kuma ran da ya tsayar da Kambili a bahon wanka yana kwarara mata tafasasshen ruwa a ƙafafu, saboda ta kwana gida ɗaya da kakanta mai bin addinin gargajiya, hawaye ne ke zuba a fuskarsa. Shi a ganinsa daga wuta yake fitar da ita. Daga baya ya gaya mata cewa shi ma haka wani fada ya tsoma masa hannaye a ruwan zafi yana ɗan makaranta. Ka ga ke nan abin gado ne, ya karɓa, ya miƙa.

To me ya rasa, mai ibada haka, mai kyauta haka? Amsar tana cikin littafin addininsa. A Linjilar Luka sura 18, Yesu Almasihu ya ba da misalin mutum biyu da suka shiga haikali yin addu'a. Ɗaya Bafarisiye ne, malami mai kiyaye doka, ya tsaya yana lissafa wa Allah azuminsa sau biyu a mako da zakkarsa, yana godiya da bai zama kamar sauran mutane ba. Ɗayan mai karɓar haraji ne, sana'ar da aka tsana a zamanin, ya tsaya can nesa, ko ɗaga kai bai iya ba, jinƙai kawai yake roƙo. Aka ce na biyun ne ya koma gida karɓaɓɓe. Abin lura, Bafarisiyen bai yi ƙarya ba, azumin ya yi, zakkar ya bayar. Laifinsa shi ne ya mayar da su ma'aunin auna wasu.

Nan ne maganar abin da Kirista ke kira alheri ta shigo. A koyarwarsu, alheri kyauta ce da Allah ke yi wa wanda bai cancanta ba, ba ladan aiki ba ne. Babban malaminsu Augustine, limamin Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a shekara ta 430, ya yi doguwar muhawara da masu cewa mutum na iya tsirar da kansa da ƙoƙarinsa kawai, yana kuma ganin girman kai shi ne tushen zunubi. Hikimar ita ce, wanda ya san kyauta aka ba shi ba ya da bakin raina wanda bai samu ba. Tawali'u daga nan yake tsirowa. Eugene kuwa addini a wurinsa kamar littafin bashi ne. Komai da lissafi: jadawalin da ya rubuta wa yaransa na lokacin karatu da addu'a da barci, na ɗaya a aji ko horo. A coci yana zaune a gaba yana lura da wanda bai tashi karɓar Jibin Ubangiji ba, ya kai rahoto wurin fada. Ran da Kambili ta ɗan ci abinci don ta sha maganin ciwon mara ana dab da tafiya coci, ta karya ƙa'idar kame baki ta awa ɗaya kafin Jibi, sai ya zare bel ya haɗa ta da uwarta da wanta. Ka'idar ya gani, ciwon yarinyar bai gani ba.

Inda abin ya fi zafi shi ne tsakaninsa da mahaifinsa, Papa-Nnukwu. Tsohon nan ya ƙi barin addinin kakanninsa. Eugene ya yi masa tayin gida da mota da direba in zai tuba, ya ƙi. Daga nan ɗan ya yanke masa hukunci: ba ya shiga gidansa, shi ma ba ya zuwa nasa, jikoki kuma minti 15 ake ba su su gaishe shi a lokacin Kirsimeti, kar su ci kar su sha. Ɗan kuɗin da yake aika masa ta hannun direba bai kai abin da yake ba direban kyautar Kirsimeti ba. Haba jama'a, uban da ya haife ka! Alhali girmama iyaye na cikin dokoki goma da Eugene ya haddace tun yana yaro.

Wurin da ya fi kowane kyau a littafin, a ganina, shi ne asubar da Kambili ta ga kakan nata yana addu'arsa a barandar gidan gwaggonta. Tun tana ƙarama an gaya mata ɗan wuta ne. Sai ta ji shi yana roƙa wa 'ya'yansa alheri ɗaya bayan ɗaya, har da Eugene da ya guje shi, da zuciya ɗaya, ya gama yana murmushi. Marubuciyar ba ta tsaya yi mana wa'azi ba, ba ta ce addinin wane ne daidai ba. Ta bar yarinyar ta gani da idonta, mu ma mu gani, cewa wanda aka yanke wa hukunci ya fi mai hukuncin sanin yafiya.

Kada wani ya ɗauka littafin yaƙi yake da Kiristanci. Maganin ciwon ma daga cikin cocin aka kawo shi. Gwaggo Ifeoma, ƙanwar Eugene, malamar jami'ar Nsukka wadda mijinta ya rasu, ita ma 'yar Katolika ce mai addu'a dare da safe. Gidanta ƙunci ne, ruwan famfo sai da asuba, man fetur sai an yi da gaske, amma yaranta uku na dariya suna musu a kan abinci, kuma ita ce ta ɗauko tsohon ubanta ta yi jinyarsa har ya cika a gidanta. Haka Fada Amadi, matashin fada ɗan ƙabilar Ibo mai buga ƙwallo da yaran talakawa, wanda ya lura da Kambili tun ba ta iya haɗa jimla biyu ba tare da in'ina ba. A gidan ubanta sai ta ci na ɗaya ake rungumarta. A Nsukka ba ta yi komai ba aka so ta. Wannan shi ne alherin da ake magana a kai, an nuna shi a aikace ba tare da an kira sunansa ba.

Yanzu sai inda littafin ya yi rauni, don ba a rasa ba.

Na farko, an yi wa ɓangaren Nsukka wanka da yawa. Eugene mutum ne mai fuska biyu da mai karatu zai yi ta juyawa a ransa, Ifeoma kuwa kusan ba ta da aibi. Littafin da ke gargaɗi kan raba mutane gida biyu, na kirki da na banza, shi ma ya ɗan zame ya raba su haka. Na biyu, shaƙuwar Kambili da Fada Amadi. Yarinya 'yar 15 ta kamu da son babban mutum, shi kuma yana fita da ita a mota su biyu, yana yaba ta. Gaskiya ne bai ƙetare iyaka ba, amma labarin bai taɓa tambayar ko hakan ya dace ba, kuma uwa ko uban da ya karanta dole gabansa ya ɗan faɗi.

Na uku ya shafe mu kai tsaye. Masu gadin gidajen Eugene biyu, Adamu a Enugu da Haruna a Abba, sunayensu sun faɗi inda suka fito. Haruna ne ya yi 'yar magana, yana yabon maigida da ya biya wa 'ya'yansa kuɗin makaranta, aka kuma nuna Turancinsa na Bahaushe mai juya harafin P da F. Akwai basira a nan, don ya nuna Eugene na iya yi wa bare alheri alhali ubansa ba ya tsallake wannan ƙofar da baren ke gadi. Amma iyakarmu ke nan a littafin, bakin ƙofa da karin harshe. Mu da muka san yadda ake ji in an taƙaita mutum a sana'arsa da lafazinsa, dole mu lura. Ba mu ce marubuciyar ta yi da mugun nufi ba, idon yarinyar gidan masu kuɗi take ba mu, kuma abin da irin wannan ido ke gani ke nan. Duk da haka giɓi ne.

Sai ƙarshen labarin, wanda ya fi raba kan masu karatu. Beatrice, matar da ta sha duka shekara da shekaru ba ta ce uffan ba, ita ce ta riƙa zuba wa mijin guba a shayi har ya mutu. Jaja ya ce shi ya yi, ya shafe kusan shekara uku a kurkuku a madadin uwarsa. Wasu na ganin an yi gaggawar rufe labarin, kuma da gaskiyarsu, shafukan ƙarshe gudu suke. Sai dai ni ina ganin tarko ne aka ɗana wa mai karatu. Tun farkon littafi kake tara wa Eugene haushi, in ya mutu sai ka ji wani sanyi a rai. To tsaya. Ai kai ma ka hau kujerar alƙalin da ka tsane shi don ya hau. Ita kuma Beatrice fa, me za ka ce da ita, mai kisa ko wadda aka zalunta? Kambili kanta ba ta yanke ba. Tana biyan kuɗi a yi wa ubanta addu'a a coci, tana son ganinsa a mafarki, tana kuma kai wa wanta abinci a kurkuku tare da uwar da ta kashe shi. Linjilar Matiyu sura 7 ta yi zancen mai hango ɗan haki a idon ɗan'uwansa alhali gungume na cikin nasa, mu kuma muka ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Littafin ya sa mai karatu ya tsinci kansa a kan wannan tudu bai shirya ba.

Kar dai a fahimci wannan da cewa a yi shiru kan zalunci. Ifeoma ba ta yi shiru ba, ta gaya wa matar wanta ta tsira da ranta, ta kuma tsaya sai da aka ba ta yaran bayan ya kusa kashe Kambili da shuri saboda zanen hoton kakanta. Aikin ta hana, amma ba ta taɓa cewa wanta ɗan wuta ne ba. Wannan bambanci, tsakanin hana ɓarna da rufe wa mutum ƙofar rahama, shi ne abin da Eugene bai koya ba har ya mutu.

Turancin littafin mai sauƙi ne, ɗan babbar sakandare zai iya bi, kalmomin Ibo da ke ciki kuma yaran unguwar nan da yawa ba za su ba su wuya ba. Akwai wuraren duka masu tayar da hankali, don haka bai dace da ƙananan yara ba. Wanda ɗansa ke karanta shi, ya sa ya ba shi labarin bayan cin abincin dare, ya tambaye shi a ina Eugene ya fara ɓata hanya. Kuma kar mu karanta shi muna cewa ka ji halin su wane, don in muka yi haka mun maimaita addu'ar Bafarisiyen nan. Littafi ne mai kyau da ke da tabo biyu zuwa uku, ya kuma cancanci kuɗinsa da lokacin da za a ba shi.