Munazarar da Ba a Tsayar Mata da Mas'ala ba: Sharhi kan Muhawarar Malamai a Zaɓen Shugaban Ƙasa na 2023 a Ƙasar Kazaure

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Tsakanin 28 ga Satumba 2022, ranar da aka buɗe yaƙin neman zaɓe, da 25 ga Fabrairu 2023, ranar da aka kaɗa ƙuri'a, muhawara kan 'yan takarar shugabancin Najeriya ta shiga zaurukan karatu da majalisun bayan Isha'i a Roni da Kazaure da Gwiwa da Babura. Mafi yawan abin da aka yi jayayya a kansa gutsattsarin wa'azi ne da aka naɗa a manyan birane, aka yanka shi minti biyu ko uku, ya yi ta yawo a WhatsApp da Facebook har ya iso Amaryawa da Gora. Waɗannan naɗe-naɗen, da irin hujjojin da almajirai suka ɗauka daga cikinsu, su ne abin da wannan sharhi zai auna.

Shigar malami cikin maganar mulki ba abin zargi ba ce a ƙasar da Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Diya'ul Hukkam, kuma tun a shekarun 1980 Sheikh Abubakar Gumi ya yi ta kiran Musulmi su yi rajistar zaɓe. Dokar Zaɓe ta 2022 ta hana kamfe a wuraren ibada a sashe na 92, ta kuma hana kamfe da sunan addini ko ƙabila a sashe na 97, amma wannan ma'aunin lauyoyi ne. Ma'aunin da ya fi dacewa da malami shi ne fannin da ya karanta da kansa, wato Adabul Bahsi wal Munazara, wanda Shamsuddin Samarƙandi ya tsara ƙa'idojinsa, Sheikh Muhammadul Amin Shanƙiɗi kuma ya rubuta masa littafi domin ɗaliban Jami'ar Madina. Da yawa daga masu wa'azin nan sun ci jarrabawa a wannan fanni.

Sharaɗin farko a fannin shi ne a tantance gurbin saɓani kafin a buɗe baki. A nan aka fara yin tuntuɓe. An gina muhawarar kusan gaba ɗayanta a kan tikitin Musulmi da Musulmi na Bola Ahmed Tinubu da Kashim Shettima, har mai sauraro ya ɗauka zaɓi ne tsakanin Musulunci da waninsa. Alƙaluman Jigawa ba su nuna haka ba. Tinubu na APC ya samu ƙuri'a 421,390, Atiku Abubakar na PDP ya samu 386,587, Rabi'u Musa Kwankwaso na NNPP ya samu 98,234, Peter Obi na LP kuwa bai kai dubu biyu ba a faɗin jihar. Ashe mutumin Roni yana zaɓe ne tsakanin Musulmai uku. Abin da ya rage na saɓanin addini shi ne kujerar mataimaki, kuma ita wannan kujera tsarin mulkin 1999 bai ba ta iko mai yawa ba, in ban da shugabantar Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa da abin da shugaba ya ga dama ya wakilta mata.

Adalci ya sa a ce masu goyon bayan tikitin suna da hujja guda mai nauyi. Mataimaki shi ne magaji idan ta Allah ta kasance, kuma Arewa ba ta manta da rasuwar Umaru Musa 'Yar'aduwa a watan Mayun 2010 da abin da ya biyo baya ba. Da a kan wannan aka tsaya aka ce ga maslahar da ake tsammani, ga kuma mafsadar da ake tsoro ta ɓangaren zaman tare da Kiristocin Arewa, da an yi munazara ta gaske. Sai dai hujjar takan zo a lulluɓe cikin kalmar jihadi, wadda ke rufe ƙofar tambaya. Masu adawa da tikitin ma ba su yi abin da ya fi ba. Amsarsu mafi yawo ita ce naka sai naka, wato a zaɓi ɗan Arewa, kuma shi kansa Atiku ya faɗi magana mai kama da haka a taron da aka shirya wa 'yan takara a Gidan Arewa da ke Kaduna cikin Oktoban 2022. Malamin da ya karantar da hadisan da suka zargi asabiyya da safe, ya kafa hujja da ita da yamma, ya saka almajirinsa cikin ruɗani. Dattawan ƙasar Kazaure sun san cewa a 1993 Mashudu Abiola da Babagana Kingibe, su ma Musulmai biyu, sun kayar da Bashir Tofa a jiharsa ta Kano, kuma ba a buƙaci fatawa ba kafin hakan ta faru.

Ƙa'ida ta biyu ta fannin tana neman mai ɗauko labari ya inganta shi, mai da'awa kuma ya kawo dalili. Aya ta 6 a Suratul Hujurati ta riga ta kafa wannan. Amma a watannin kamfe an ga masu ilimin hadisi, waɗanda ba za su karɓi ruwaya mai yankakken isnadi a babin alwala ba, suna gina hukunci kan imanin mutum bisa bidiyon da ba a san wanda ya yanka shi ba. An auna Musuluncin wani ɗan takara da yadda harshensa ya sarƙe a karatun Fatiha da kuma addinin matarsa, an auna na wani da saƙon da aka wallafa a shafinsa aka goge. In aka yi musu magana sai su koma ga Imam Nawawi, wanda ya lissafa wurare shida da giba ta halatta a cikinsu a Riyadus Salihin, ciki har da gargaɗin Musulmi game da mai riƙe da amanar jama'a da bai cancanta ba. Rangwamen gaskiya ne, kuma mai neman mulkin mutum sama da miliyan 200 ba zai ce a rufa masa asiri kan yadda ya riƙe dukiyar jama'a ba. Amma Nawawi ya ɗaure rangwamen da niyyar nasiha da tsayawa gwargwadon buƙata. Yadda gwamna ya kashe kuɗin jiharsa yana cikin buƙata, tuhumar zuciyarsa kuwa ba ta ciki. Abin mamaki, abu na farkon ne aka fi yin sakaci da shi, alhali dukkan manyan 'yan takarar huɗu sun riƙe muƙamai na shekara takwas: Tinubu a Legas, Kwankwaso a Kano, Obi a Anambara, Atiku a kujerar mataimakin shugaban ƙasa. Tarihin aikinsu a rubuce yake.

Ya kamata a tuna da abin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi a Infaƙul Maisur. Shehu Muhammadul Amin Alkanemi na Barno ya soki jihadin da kakkausar hujja, yana tambayar dalilin yaƙar mutanen da ke salla da azumi. Bello ya kawo wasiƙun abokin jayayyarsa cikin littafinsa sannan ya amsa su, har mai karatu a yau yana iya ganin inda Alkanemi ya yi ƙarfi. Wanda zai tattara naɗe-naɗen 2023 da wuya ya iya gina hujjar ɓangare guda daga bakin ɗaya ɓangaren, domin kowa ya siffanta abokin hamayyarsa da mafi raunin maganarsa, ko ya ce an saye shi. Imam Gazali, a Kitabul Ilmi na Ihya'u, ya sharɗanta wa mai munazara ya zama kamar mai cigiyar abin da ya ɓace masa, wanda ba ya damuwa ko a hannun wa aka tsinto shi, ya kuma jera cututtukan da ke biyo bayan rashin hakan, daga hassada har zuwa bin diddigin aibobi.

Babban giɓin dai yana wajen manufofi. Tinubu da Atiku da Obi duk sun faɗa a fili kafin zaɓe cewa za su cire tallafin man fetur. Maganar tana cikin hirarrakinsu, ba a ɓoye ta ba. A ranar 29 ga Mayu 2023 sabon shugaba ya sanar da ƙarshen tallafin a jawabin rantsuwa, cikin 'yan kwanaki litar da ake sayarwa ƙasa da naira 200 a hukumance ta koma wajen naira 500, a watan Yuni kuma aka saki darajar naira ga kasuwa. Manomin rani da ke ban ruwa da injin fetur a fadamun Kazaure, da direban da ke jigila a hanyar Kano zuwa Daura, da mai kai marar lafiya asibiti daga ƙauyukan Gwiwa, su ne suka fara ji a jikinsu. Wannan ita ce mas'alar da ta fi kowace taɓa rayuwar masu sauraron wa'azin, kuma ita ce ta fi ƙarancin ambato a cikinsa.

Ba za a ce fiƙihu ba shi da abin faɗa a nan ba. Babin ƙayyade farashi tsohon babi ne: akwai hadisin Anas da ke nuna Annabi (SAW) ya ƙi ƙayyade farashi a Madina, akwai kuma malaman da suka halatta wa shugaba yin haka idan maslahar jama'a ta tilasta, Ibn Taimiyya ya tattauna wannan a littafinsa na Hisba. Akwai ƙa'idar da ta rataya duk wani tasarrufin shugaba a kan maslahar talakawansa. Akwai maganar haƙƙin mabuƙata a baitulmali. Da waɗannan kayan aiki malami zai iya tambaya: idan tallafin yana zurarewa ta hanyar almundahana da fasa-ƙwauri, shin maganin shi ne a cire shi ko a kama ɓarayin? Idan za a cire, a lokaci guda ko daki-daki? Kuɗin da aka tsimi, ina za su, wa zai sa ido a kansu? Mai yiwuwa bincike ya kai wani malami ga cewa cirewar ita ce daidai, domin tallafin da ya fi amfanar mai motoci biyar a Abuja a kan mai jaki a Roni yana da tasa matsalar ta fuskar adalci. Ko wane ɓangare aka rinjayar, da jama'a sun shiga rumfar zaɓe da sanin abin da ke tafe.

Haka batun iyaka. Babura tana maƙwabtaka da Jamhuriyar Nijar, kuma mutanenta sun ɗanɗana rufe iyakokin da aka yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi ta Kazaure zai bi. Matsayin kowane ɗan takara kan cinikin ƙetare iyaka tambaya ce ta abinci ga wannan yanki, kuma ta dawo da zafinta bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Yamai, lokacin da aka sake rufe iyakar. Canjin takardun naira ne kaɗai ya samu shiga wa'azi sosai, shi ma don ya zo ana tsakiyar kamfe, mutane na kwana a layin banki. Sarkin Musulmi Bello, a Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya sanya kula da sana'o'i da kasuwanni da hanyoyi cikin aikin shugaba. Malamin da ya ɗauki waɗannan a matsayin maganar 'yan boko ya bar wani yanki na gadonsa.

Daga nan ake gane kuskuren da ya fi kowanne tsada, wato sanya wa ra'ayi rigar fatawa. Aya ta 26 a Suratul Ƙasasi ta haɗa ƙarfi da amana a matsayin siffofin wanda ya fi cancanta a ɗauka aiki, a kansu kuma Ibn Taimiyya ya gina maganar zaɓen masu muƙami a Assiyasatush Shar'iyya, yana mai bayyana cewa ƙarfin kowane muƙami gwargwadon aikinsa ne. Hadisin da Muslim ya ruwaito ya nuna an hana Abu Zarri shugabanci saboda rauni, duk da gaskiyarsa da tsoron Allahnsa. Wannan hukunci ne na gaba ɗaya, kuma malami ne gwaninsa. Amma cewa wane ne ya fi wane ƙarfi da amana a Najeriyar 2023, wannan tahƙiƙul manaɗi ne, wato ɗora hukunci a kan wani mutum ayyananne, kuma yana buƙatar sanin kasafin kuɗi da bashi da tsaro da halayen mutanen da ke kewaye da ɗan takara. A wannan fage zaton malami zato ne kamar na kowane mai hankali, wani lokaci ma ɗan kasuwar Kazaure ya fi shi sanin inda aka dosa. Yana da damar ya ce ga wanda ya fi kwanta masa a rai, ga dalilansa. Da ya ce zaɓen wane wajibi ne, ko ƙin zaɓensa saɓon Allah ne, ya mayar da mas'alar ijtihadi ta koma ta yankan shakku, ya kuma jingina amincin mumbarinsa da aikin mutumin da ba shi da iko a kansa.

An ga sakamakon a farkon Agustan 2024, lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, wadda ta kai ga sanya dokar hana fita a Kano da Jigawa. Malamai da dama sun yi kira ga matasa su zauna a gida, suna kafa hujja da nassoshin guje wa fitina, kuma hujjar tasu tana da asali a littattafan Ahlus Sunna. Matasa da yawa ba su saurari nassin ba. Sun ɗauko naɗe-naɗen 2023 suka sake watsa su, suna tambayar wanda ya ce musu zaɓe ibada ne me ya sa bai gaya musu farashin mai ba. Har malaman da ba su taɓa ambaton sunan ɗan takara a kan mumbari ba sai da zargin ya shafe su.