Shaidar Busasshen Ganye a Shari'ar Sunan Agade

Mai sayen agade a kasuwa ba ya bukatar malami ya gaya masa bambancinta da ayaba. Agade sai an soya ko an gasa, ayaba kuwa ɓarewa kawai ake yi a kai baka. Amma masana tsire-tsire sun yi kusan shekara 200 suna ruɗewa a kan sunayen waɗannan abubuwa biyu. A cikin 2008 waɗansu masana biyu na birnin Helsinki a ƙasar Finlan, Markku Häkkinen da Henry Väre, suka buga wani dogon bincike inda suka bi sunayen dangin ayaba ɗaya bayan ɗaya, suna neman shaidar da kowane suna ya dogara a kanta. Wannan aiki ya cancanci a auna shi, a ga abin da ya warware da abin da ya fi ƙarfinsa.

Da farko ya kamata mai karatu ya san dalilin wannan wahala. Sunan da mutane ke kiran tsiro da shi yakan sāke daga gari zuwa gari, wani lokaci ma suna guda ya hau kan abu biyu. Turawan Ingila suna kiran agade da wani ɗan ganye na bakin hanya da kalma ɗaya, alhali ba su haɗa dangi ba ko kaɗan. Shi ganyen sunansa wajen masana Plantago. Saboda irin wannan ne masana suka yarda kowane tsiro ya sami suna guda na Latin. Suka kafa ƙa'ida biyu. Ta ɗaya, sunan da aka fara bugawa shi ke da gaba, lissafi kuwa daga 1753 yake farawa. Ta biyu, kowane suna a ɗaure shi ga shaida guda, watau reshe ko ganye da aka danne, aka busar, aka manna a takarda, aka ajiye a taskar busassun tsire-tsire. In babu ganye, zane yana iya tsayawa. Kamar dutsen iyakar gona ne: in gardama ta tashi, wurinsa ake komawa.

Asalin ruɗanin daga Linnaeus ne, mutumin ƙasar Suwidin, wanda ya kafa wannan hanya ta sa suna. Yana saurayi ya yi aiki a lambun wani attajiri, George Clifford, kusa da Harlam a ƙasar Holan. Akwai gindin agade a can cikin ɗakin gilashi mai ɗumi. Aka bar ta da ƙishi, sa'an nan aka kwarara mata ruwa kamar na damina, sai ga ta ta yi fure a farkon 1736. Linnaeus ya rubuta ɗan littafi a kanta, har da zanenta. A 1753 ya sa mata suna Musa paradisiaca. Kalmar Musa a nan tana da nasaba da mauz, sunan ayaba da Larabci. Kalma ta biyu kuwa daga zaton waɗansu mutanen dā ne cewa ita ce itaciyar Aljanna. A 1759 ya ƙara wani suna, Musa sapientum, watau ayabar masu hikima. Daga nan littattafai suka ɗauka na farko sunan agade ne, na biyu kuwa sunan ayabar da ake ci ɗanya.

Gaskiyar al'amari ba ta fito ba sai da aka koma ga itace mai rai. A tsibirin Tirinidad, E. E. Cheesman ya shuka ire-iren ayaba da yawa ya yi ta gwada su, ya fara buga sakamako a 1947. A 1955 Simmonds da Shepherd suka ƙarasa aikin. Suka nuna cewa yawancin ayabar gona ta fito ne daga iyaye biyu na daji a ƙasashen Asiya, masu 'ya'ya cike da ƙwallaye, waɗanda wani lauya na birnin Turin, Luigi Colla, ya riga ya sa wa suna a 1820: Musa acuminata da Musa balbisiana. Suka kira gādon ta farko A, na ta biyu B, suka auna kowane iri da alamu 15. Agade ta fito AAB, kashi biyu daga uwa ɗaya, kashi ɗaya daga ɗayar. Abin mamaki, ita ma wadda Linnaeus ya kira sapientum AAB ce. Ashe sunaye biyu ya raɗa wa ruwa-biyu na gida ɗaya.

To, a nan ne aikin Häkkinen da Väre ya nuna amfaninsa. Tsakanin zamanin Linnaeus da namu sunaye sun yi ta taruwa, wani ya sa wa abin da wani ya riga ya sa wa suna, ba tare da ya sani ba. Shaidun kuma sun warwatse. Tarin Linnaeus an sayar da shi a 1784, yanzu yana Landan. Babbar taskar birnin Balin ta ƙone da wutar bom a 1943, shaidu masu yawa suka zama toka. Colla kansa, wajen sifanta acuminata, ya dogara ga littafin Rumphius, wanda ya zauna a tsibirin Ambon, ya makance tun 1670, littafinsa kuwa ba a fara buga shi ba sai 1741, bayan rasuwarsa da kusan shekara 40. Bin wannan sawu aikin mai haƙuri ne. Masanan nan biyu sun tara sunayen wuri guda, sun faɗi inda aka fara buga kowanne, sun nuna shaidarsa, inda ba a taɓa tsai da shaida ba kuwa suka zaɓa bisa ƙa'ida. Duk wanda ya zo bayansu ya huta da tonon tsofaffin takardu. Wannan abin yabo ne ƙwarai.

Amma fa shaida suna suka tara. Ƙaramin haki yana shiga takarda ɗungum, saiwa da ganye da fure. Ayaba kuwa ganyenta ɗaya ya fi mutum tsawo, jikinta duk ruwa ne. Abin da ke isa taska ɗan yanki ne da ya yi baƙi. Alamun da ake rarrabe iri da su, kamar launin kunnen fure, da yadda yake naɗewa in ya buɗe, da yadda nono ke rataya, yawancinsu ba sa tsira daga bushewa. Shi ya sa shaidar da aka tsayar wa Musa paradisiaca a 1993 ta zama zanen nan na littafin 1736. Zane kuwa abin da mai zane ya lura da shi kaɗai yake faɗi. Saboda haka tsai da shaida yana iya kashe gardamar wane suna ya riga wane, ya bar gardamar wace itaciya ake nufi tana nan da ranta. Häkkinen ya san haka sarai, gama tsohon kyaftin ɗin jirgin ruwa ne da ya yi shekaru yana shiga dazuzzukan Borniyo da na kudancin Sin don ya ga ayaba a tsaye.

Akwai kuma wata iyaka ta biyu. A Afirka ta Yamma da ta Tsakiya manoma suna da irin agade fiye da 100, kowanne da sunansa, da lokacin nunarsa, da abincin da ya dace da shi. A ƙa'idar Latin duka suna ƙarƙashin suna guda. Sunan daidai ne, sai dai bargo ne da ya rufe gida duka. Wanda ke son ya san irin da zai shuka, haruffan Simmonds da bakin manomi sun fi yi masa amfani.

Kada wannan ya sa a raina aikin. Agade ba ta cika yin ƙwallo ba, da 'ya'yan gindi ake dasa ta, don haka cutar da ta kama ɗaya tana iya cinye gona duka. Sa'ad da cutar baƙin ganye ta addabi gonakin kudancin Nijeriya, ma'aikatan cibiyar IITA a Onne ta Jihar Ribas sun haɗa agade da wata ayabar daji ta dangin acuminata, suka sami iri mai jure cutar. Mai irin wannan aiki tilas ya aika wata ƙasa neman iyaye, kuma da suna zai nema. In sunan yana rawa, sai ya roƙi wannan a aiko masa da wancan, shekaru su tafi a banza.

Hukuncin da ya dace ke nan: littafin 2008 ya kafa duwatsun iyaka, ya kafa su da kyau. Abin da ke cikin gonar kuwa, sai an taka an je an gani, gama gani ya kori ji.