Nauyin Faɗin "Ban Sani Ba": Sharhi a Kan Littafin The Black Swan

Masu iya magana kan ce rashin sani ya fi dare duhu. Littafin The Black Swan, wanda Nassim Taleb ɗan asalin Labanon ya wallafa a 2007, ya nuna akwai abin da ya fi wannan duhu, wato ƙin yarda da rashin sanin. Sunan littafin ya samo asali ne daga wani tsuntsun ruwa da Turawa suka ɗauka fari kawai ake samu, har sai da aka ga baƙinsa a Ostareliya a 1697.

Jigon littafin shi ne, ma'aunan da masu zuba jari ke auna kasada da su sun dogara ne ga abin da ya taɓa faruwa, don haka ba sa hango masifar da ba a saba gani ba. Hujjarsa mai ƙarfi ita ce kamfanin LTCM na Amurka. Cikin jagororinsa har da Myron Scholes da Robert Merton, waɗanda suka sami lambar Nobel a 1997, amma da Rasha ta kasa biyan bashinta a 1998 sai ya tafka asarar dala biliyan 4.6 cikin watanni huɗu.

Sai dai marubucin ya fi karkata ga zargin lissafi da girman kan masana, alhali ɗabi'ar jama'a na da nata kaso. Dillalin da ya ce "ban sani ba" shi mai kuɗi ke gudu, ya nufi mai cika baki. Wannan ɗabi'a ce na'urorin ƙirƙirarriyar basira suka gada, domin a jarrabawar da ake yi musu canki kan ci maki, amsa rashin sani kuwa ba ya cin komai. Shi ya sa a 2023 wata kotu a birnin Niyok ta ci tarar lauyoyi dala 5,000 saboda shari'o'in bogi da ChatGPT ya ƙaga musu.

An ruwaito cewa Imamu Malik ya sha amsa tambayoyi da cewa bai sani ba, kuma hakan bai rage masa daraja ba. Ashe ke nan, duk mashawarcin da bai taɓa furta wannan kalma ba, mutum ne ko na'ura, bai cancanci a danƙa masa dukiya ba.