Hadana Bayan Saki: Inda Al'ada Ta Saɓa wa Risala

Abin takaici ne cewa a ƙasar da ake karanta Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani a kusan kowane zaure, nan ne kuma uba ke aikawa a karɓo ɗa da zarar an yaye shi, da hujjar cewa ɗa na uba ne. Nasaba ta uba ce, babu jayayya. Amma hadana haƙƙi ne dabam. A mazhabar Malikiyya, uwa ke riƙon ɗa namiji har ya balaga, 'ya mace kuwa har ta yi aure mijinta ya tare da ita. Idan uwar ta auri wanda ba muharramin ɗan ba, riƙo kan koma hannun kakarsa ta wajen uwa, ba hannun uba kai tsaye ba, ciyarwa kuma tana nan a wuyansa.

Laifin bai tsaya ga jahilai kaɗai ba. Malamin da ya fassara wannan babi ya wuce ba tare da ya auna al'adar garinsu da shi ba, ya tauye amanar ilmi. Alƙalin da ya bari uba ya riƙe nafaƙa har uwa ta gaji ta sallama ɗanta, bai yi sulhu ba. Ya sa hannu ne a zaluncin da yaron zai girma da tabonsa. Allah ne mafi sani.