Biyan Kuɗi da Waya: Abin da Kuala Lumpur Ta Yi Daidai

Baƙon da ya sauka Kuala Lumpur daga Kano, dogayen benaye ne ke fara ɗauke masa hankali. Ni kuwa abin da na fi so 'yan uwana su duba shi ne 'yar takarda mai zanen QR da ke manne a teburin mai sayar da nasi lemak a Kampung Baru. Ka karɓi ƙunshin shinkafarka, ka haska zanen da kyamarar waya, ka rubuta kuɗin, ka juya mata fuskar wayar, ta gyaɗa kai. Babu karanto lambar asusu, babu "ɗan dakata, alat bai shigo ba".

Sunan tsarin DuitNow QR. Kamfanin PayNet, wanda babban bankin ƙasar Malaysia ke da kaso mafi tsoka a cikinsa, shi ya fito da shi a 2019. Hikimarsa ita ce zane ɗaya ya wadatar: ko da manhajar banki ka zo, ko Touch 'n Go, ko GrabPay, duk takardar nan za ka haska. Mai abinci ba ta sayi na'urar POS ba, ba ta liƙa lambobi barkatai a bango ba. Ƙasar da sai a 1985 ta fara wayar tafi-da-gidanka, da manyan akwatunan ATUR 450, yau ɗalibinmu na jami'ar Musulunci ta Gombak zai yi mako bai taɓa takardar ringgit ba.

Mu ma a Najeriya muna da irinsa, NIBSS ta ƙaddamar da NQR a 2021. Amma da ƙarancin naira ya zo a farkon 2023, mun ga yadda turin kuɗi ya riƙa maƙalewa, mai shago da mai saye suna hararar juna. A ganina yarda ce ta yi mana ƙaranci, kuma ba ta samuwa sai kuɗi na isa nan take, kullum.

Abu ɗaya ne ban yarda da shi ba a nan Kuala Lumpur: shagunan da suka daina karɓar tsabar kuɗi kwata-kwata. Dattijon da idonsa ba ya ganin ƙananan rubutu fa? Leburan da ya zo daga Bangladesh bai buɗe asusu ba, ko wanda cajinsa ya ƙare a tashar Masjid Jamek? Kuɗinsu halal ne, a karɓa.